Maganin da Kika Raba da Iya Azara

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Gaisha, wadda ta riga mu gidan gaskiya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi irin wadda kika koya mini, ina roƙon Allah Ya haskaka makwancinki, Ya sa kina cikin rahama. Ɗiyarki ce Mariyama. Na san ba za ki karanta wannan takarda ba. Na kuma san da kina da rai da kin tsawata mini, don na fito da zancen gida inda jama'a za su gani. Ki yi haƙuri, Inna. Abin da na ji makon jiya ya fi ƙarfin in riƙe shi ni ɗaya, kuma na gano ba zancen gidanmu kaɗai ba ne.

Wata bakwai ke nan da rasuwarki. Duk tsawon wannan lokaci na ɗauka na san sanadin ajalinki. Ashe ban san komai ba.

Kin tuna shekara uku kafin rasuwarki, da na zo hutun lakwal daga Adarbisinat inda nake koyar da yara, na tarar da ke zaune gaban fatunki, basilla a hannu, ɗayan hannun dafe da ƙeya? Kika ce warin rini ne ya hau miki kai. Kwana uku ina lallashi kafin kika yarda muka tafi gidan likita. Majo, babban mai jinyar wurin, ya ɗaura miki abin awo a dantse, ya duba, ya kwance, ya sake ɗaurawa. Ya ce tansiyo ce, hawan jini, kuma ta yi sama ƙwarai. Ya ce ƙwaya ɗaya kowace safiya, ba fashi, har iyakar rai. Kika dube shi kika ce, “Ɗana, har iyakar rai fa ka ce? Ai ko tuwo ana hutawa da shi.” Ya yi dariya, amma ya maimaita: ba fashi.

Daga ranar na ɗauki sayen maganin a kaina. Duk ƙarshen wata in na shigo Agadas, kafin in iso gida sai na tsaya farmasi na sayi kwali guda, mai tsadar nan da aka rubuta sunansa a takarda. In kawo miki shi tare da cukun da kike so. In buɗe kwanon da kike ajiya in ga na watan jiya ya ƙare tas, in ji daɗi har cikin raina. Har alfahari nake yi wa malaman lakwal ɗinmu, ina cewa tsohuwata ba ta wasa da magani.

Kowace safiya kafin in shiga aji sai na kira ki a salula. Tambayata ɗaya ce: Inna, kin sha? Amsarki ma ɗaya ce: “An sha, ɗiyata, je ki ga yaranki.”

A lokacin ba ki da abokiyar hira kamar Iya Azara, maƙwabciyarmu mai saƙar tabarma, wadda katanga ɗaya ta raba ku tun kafin a haife ni. Ɗanta guda, Hamma, ya tafi haƙar zinariya Cibarakaten, ya aiko saƙo shekarar farko, daga nan shiru. Kullum da hantsi tana gidanmu da kabarta, ke kina yanka fata, kuna hira kuna faɗa kamar yara. Ban taɓa kawo komai a raina ba.

Ranar Talata ce kika faɗi, da hantsi. Allah Ya sa yayana Sidi yana gari, ya sauke albasar da yake jigila daga Tabelot jiya-jiyan. Iya Azara ce ta yi kururuwa. Lungunmu ba ya ɗaukar adaidaita, sai a tabarma aka naɗo ki, maza huɗu, har bakin hanya. Ni kuwa sai la'asar na iso. Na tarar bakinki ya karkace, hannun da kike riƙe basilla da shi yana kwance kamar ba naki ba. Idonki ya gane ni. Bakinki bai ƙara kiran sunana ba.

Kwana huɗu muka yi a babban gidan likita. Ma'aikatan sun yi iyakar yinsu, ba zan ɗora musu laifi ba. Amma komai sai an rubuta takarda mun je mun sayo: ruwan ƙari, allura, har safar hannun da za su sa su taɓa ki. Sidi ya yi ta zirga-zirga har takalminsa ya tsinke. Matar da ke gadon kusa da naki, 'yan'uwanta suka naɗe kayansu a rana ta biyu suka fita da ita, ba don ta warke ba. Babu wanda ya tambaye su dalili. Kowa ya sani.

Lokotoro, babban likitan, ya kira ni gefe ya tambaye ni ko kina shan maganinki kullum. Na rantse masa da Allah. Na ce ni ke saye, ni ke duba kwano, ni ke kira kowace safiya. Ya dube ni ya ɗan jima, ya ce “To,” ya ci gaba da rubutu. Wannan “to” ɗin ta ƙona mini rai. Na ce a zuciyata, yana ganin mu jahilai ne.

Ranar Asabar kika cika.

Inna, akwai abin da na yi bayan sadakar bakwai wanda da kin gani da kin ji kunya. Tunda na tabbata kina sha, sai na yanke cewa maganin ne na banza. Na tafi farmasin da nake saye, wurin cike da mutane, na tsaya gaban mai wurin na ce shekara uku yana sayar mini da alli a cikin kwali, na ce shi ya kashe mini uwa. Dattijo ne, ya girmi Sidi nesa. Bai ɗaga murya ba. Cewa kawai ya yi, “Allah Ya jiƙanta, Madam.” Na fita ina ganin na ƙwato miki hakki.

Tun daga nan Iya Azara ta daina shigowa gidanmu. In na zo ƙarshen wata na leƙa gaishe ta, sai ta amsa kanta a ƙasa, ta ce tana zuwa, ba ta zuwa. Na ɗauka kewarki ce.

Alhamis ɗin makon jiya, bayan azahar, ina shara a ɗakinki, sai ga sallamarta. Ta rame, tana dafa bango. Ta ƙi zama a tabarma, ta zauna a ƙasa bakin ƙofa. Ta kwance bakin zanenta ta fito da wani ɗan ƙulli, ta ajiye gabana. Na buɗe. Ƙwaya shida ne a cikin takardarsu mai ƙyalli. Na gane su nan take, don ni na saye su.

Ta ce, “Mariyama, wata bakwai ina ɗauke da wannan. Na kasa sha, na kasa zubarwa. Yau ki ji, in ya so ki tsine mini.”

Ga abin da ta faɗa mini, Inna, ke kin san shi, amma bari in maimaita don in ji ko zan iya gaskata shi.

Ta ce wata biyu bayan an gano ciwonki, ita ma ta fara ganin jiri, har ta faɗi a bakin murhu. Kika ja ta zuwa wurin majo ba tare da kin gaya wa kowa ba, kika biya kuɗin ganin likita da cinikin alabe biyu na fata da kika ɗinka. Aka auna ta, tata ta fi taki hawa. Aka rubuta mata magani irin naki. Kuka je farmasi, kuka ji farashi, kuka fito. A hanya ta ce miki ita ta bar wa Allah, tabarma nawa za ta saƙa kowane wata? Washegari da safe kika shiga gidanta da ƙwaya ɗaya da wuƙar yankan fata.

Ta ce kin gwada raba ƙwayar biyu, ta marmashe a kan faifai. Kika gwada ta biyu, ita ma haka. Sai kika ce to a daina ɓarna, a yi kwana-kwana: yau ke, gobe ita.

Shekara biyu da wata goma, Inna. Yau ke, gobe ita.

Ta ce ta yi ta roƙonki ki gaya mini. Kika sa ta rantse. Kika ce, “In Mariyama ta ji, kwali biyu za ta saya, kuma na san albashin malamar kwantiragi. Ba ta san na sani ba, amma ta bar cin nama a can don wannan kwalin.” Kika ce mata rabin magani ya fi babu, kuma Allah na ganin ku.

Ina zaune tsintsiya a hannuna, na kasa ajiye ta. Abin da ya fara faɗo mini shi ne muryarki a salula. An sha. Ba ki taɓa ce mini “na sha” ba, ko sau ɗaya. Safiya kusan dubu kina ba ni amsa ba tare da kin yi ƙarya ba, ni kuma da nake koya wa yara nahawu ban ji ba.

Na tambaye ta abu ɗaya kawai, ban san ma me ya sa ba. Na ce ranar Talatar nan, ta wa ce? Ta rufe fuska da gyale. Ta ce, “Tawa ce. Daga wurina ta fito, ta koma ta zauna, ta ɗauki basilla.”

Ban tsine mata ba. Na tashi na shiga bayan gida na wanke fuska, na dawo na tarar tana nan inda na bar ta. Sai a lokacin na lura da ƙafafunta sun kumbura, na kuma tuna wata bakwai ke nan ba ta sha ko rabin da take samu ba. Na ce ta shirya, gobe da safe za mu gidan likita.

Inna, kin ji an yi gyara bayan tafiyarki? An sanar a radiyo an rage kuɗin ganin likita da na awo a gidajen likitan gwamnati, haihuwa kuma ta zama kyauta. Da na ji sanarwar na yi kuka, na ce da ma kin kai wannan lokaci. Kuma gaskiya ne, na gani da idona ranar Jumma'ar: kuɗin da na biya a tagar karɓar kuɗi bai kai na da ba, mutane kuma sun fi da yawa. Wata mata daga bayan gari ta ce mini shekara huɗu rabonta da wurin, sai yanzu ta iya zuwa. Wannan alheri ne, ba zan ɓoye shi ba.

Muna zaune a dakali muna jira, abin yana cina, sai na ba matar da ke kusa da ni labarinki, ban faɗi suna ba. Na zaci za ta riƙe baki. Ko gezau. Ta ce ai ita da mijinta haka suke yi da maganin ciwon sukari, wanda ya fi jin jiki shi ke sha. Wani tsoho ya sa baki ya ce shi sai ranar da kansa ya sara yake haɗiya, kwali ɗaya ya kai shi wata uku. Wata ta ce ita wurin masu yawo da magani a faranti take saye, ƙwaya biyu-biyu, ko da rana ta gasa su, don su kaɗai ke sayar da abin da hannunta zai kai. Suna faɗa suna dariya, kamar masu zancen tsadar gawayi.

Da muka shiga, majon nan ne dai. Ya gane ni, ya yi mini ta'aziyya. Na gaya masa komai, ina jira ya zabura. Ya cire tabarau ya murza ido ya ce, “Madam, kullum muna gani. In awo bai sauka ba na san ana rabawa ko ana tsallakewa. In na tambaya su ce suna sha. Me zan yi? Ni rubutawa nake, ba ni ke bayarwa ba.” Ya ce rage kuɗin gani ya kawo masa mutane, ya ji daɗi, amma mai tansiyo sau ɗaya yake biyan gani, magani kuwa kowane wata ne har ya mutu, kuma wannan na kansa. Ya ce yara ƙanana da masu ciki an yi musu tanadi, wasu ma'aikata ma akwai abin da ke rage musu nauyi, amma tsohuwa mai saƙar tabarma ba ta cikin kowace takarda.

Wannan ya fi labarin Iya Azara girgiza ni. Na ɗauka abin da kika yi wani abu ne da ba a taɓa ji ba. Ashe rabin dakalin nan haka suke rayuwa, kuma kowa ya sani, sai ni.

Daga nan na wuce farmasi da takardar Iya Azara. Na tarar da dattijon. A gaban mutane na zage shi, don haka a gaban mutane na ba shi haƙuri. Na ce maganinsa ba shi da laifi, na faɗi yadda aka yi. Ya ce ya yafe tun ranar. Ya karɓi takardar ya duba, ya shiga ciki, ya fito da kwali biyu ya ajiye. Ɗaya mai launin nan da na saba saye. Ɗaya fari, ba ado, sai rubutu.

Ya ce, “Madam, abu ɗaya ne a cikinsu, ƙarfi ɗaya. Wannan sunan kamfani ake biya. Kuɗin mai launi ɗaya zai sayi farin nan na mutum biyu, har wani abu ya saura.” Ya turo farin gabana. Ya ce, “Na taɓa nuna miki shi, farkon zuwanki.”

Na tuna, Inna. Wallahi na tuna. Ya ɗauko shi ya fara bayani, na katse shi. Na ce ni ba na saya wa uwata magani mai araha, a ba ni wanda aka rubuta. Na faɗa da ƙarfi don na kusa su ji.

Abin da nake kashewa kowane wata ya ishe ku ku biyu, kowa da nata, kowace safiya. Kin ɓoye mini don ki tausaya mini. Na ƙi sauraro don in girmama ki. Maganin da zai wadace ku yana nan a kan kanta shekara uku, taku kaɗan daga hannuna.

Ni malamar lakwal ce, ban san yadda ake tsara lafiyar ƙasa ba. Amma tun ranar nake ta tunani, kuma tunda wasu za su karanta wannan, bari in faɗa a gabanki. Da mai rubuta magani yana rubuta sunan abin da ke ciki, ba sunan kamfani ba, da mace irina ba ta yi wannan wautar ba. Da farin kwalin nan yana samuwa kullum a tagar gidan likita, a farashi ɗaya da kowa ya sani, da ba ku fita hannu wofi ba ranar da kika kai ta. Kuma da akwai wani asusu da mai ɗinkin fata da mai tabarma da mai jan albasa za su riƙa zuba ɗan abin da suka iya tun suna da lafiya, gwamnati ta cika wa wanda ba shi da shi, da ba sai tsohuwa ta cire daga bakinta ta ba tsohuwa ba. An fara gyara, mun gode. Amma wanda ya tsara shi ya zo ya zauna a dakalin nan safiya ɗaya, ya tambayi tsofaffi ba “kina sha?” ba, ya tambaye su “ku nawa ke sha?”

Na kai maganar wurin matan adashin unguwarmu ranar Lahadi. Na ce mu ware wani abu don maganin tsofaffin lungu. Wasu sun yarda nan take. Wasu sun ce adashi na biki ne da suna, kada a kawo musu zancen ciwo. An tashi ba a gama ba. Amma mata uku sun biyo ni har ƙofar gida, kowace da takardar magani a ƙulle a bakin zane, wata har ta yi laushi don daɗewa, suna tambaya ko nasu ma yana da farin kwali. Na mutum biyu daga cikinsu yana da shi.

Iya Azara tana sha yanzu, kowace safiya. Na damƙa wa matar Sidi maganin, ita ke kai mata ta tsaya har ta haɗiye. Kumburin ya fara sauka. Sidi kuwa da na gaya masa, ya tashi ya fita. Kwana uku ba ya amsa gaisuwarta. Ya ce mini ba zai iya kallon fuskarta ba, yana ganin kwanakinki a jikinta. Ban matsa masa ba, don ni ma wani lokacin haka nake ji, sai in yi istigfari. Shekaranjiya da zai koma Tabelot, matarsa ta ga ya tsaya a ƙofarta ya daɗe, bai yi sallama ba. Ya ajiye ƙaramin buhun albasa da ƙullin dabino ya wuce.

Innata, na yi fushi da ke kwana biyu cur. Na ce kin zaɓi maƙwabciya kin bar mu. Yanzu fushin ya tafi, ya bar ni da kewa kawai. Na san ki. Ba ki taɓa iya cin abu wani na kallo ba, ko ɗan goro ne sai kin fasa. Ba yadda za a yi ki haɗiyi lafiya ke ɗaya alhali kina jin tarin Azara ta bayan katanga. Da ma kin gaya mini. Da ma na saurari dattijon nan. Na yafe miki ɓoyon da kika yi mini, ke ma ki yafe mini girman kaina.

Ya Allah, Ka jiƙan Gaisha ɗiyar Almu. Kowace safiyar da ta miƙa wa maƙwabciyarta abin da take buƙata, Ka sanya mata ita a mizani. Ka yalwata kabarinta, Ka shayar da ita daga tafkin Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Ka ba Iya Azara lafiya da kwanciyar rai, Ka dawo mata da labarin ɗanta. Ka sanyaya zuciyar Sidi. Ka ba masu riƙe da al'amuranmu ikon ƙarasa abin da suka fara. Ka haɗa mu da iyayenmu a gidan da ba ciwo. Amin.

Ki huta lafiya, Inna.

Ɗiyarki mai kewarki,
Mariyama
Agadas